AGAJIN DA BA A YI SHELARSA BA: DARASI DAGA HUNTURUN BIRTANIYA

Ranar 31 ga watan Mayu na shekarar 2023 Gwamnatin Birtaniya ta yi wani abin da ba kasafai gwamnatoci ke yi ba. Ta keɓe yini guda sukutum tana roƙon talakawanta su zo su karɓi kuɗinsu. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, kimanin fam miliyan 130 ne, ragowar agajin da aka ware don rage wa jama'a nauyin kuɗin wutar lantarki da iskar gas a hunturun da ya gabata. Sanyi ya zo ya yi ɓarnarsa ya wuce, amma takardun karɓar agajin suna nan kwance, wasu cikin ambulan da ba a buɗe ba, wasu cikin saƙon waya da aka share. Saura wata guda kacal wa'adinsu ya cika, ranar 30 ga Yuni.

Mai karatu zai yi mamakin yadda mabukaci zai bar kuɗi a ƙasa alhali yana kwana cikin ɗari. Amsar ba ta da nisa. Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Abin da ya faru a waccan ƙasa ya tabbatar da magana guda wadda ya kamata kowace hukuma ta riƙe: sanar da mabukaci wani sashe ne na agajin kansa. Hukumar da ta ware kuɗi ta koma ofis tana jiran a zo, rabin aikinta kawai ta yi.

YADDA TSADAR TA FARO

Sanyin Birtaniya ba irin na hunturu ba ne wanda mayafi da ɗan jin ɗumin wuta da asuba ke magancewa. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ruwa kan daskare a waje, rana kan faɗi tun wajen ƙarfe 4 na yamma, gidan da ba a ɗumama ba kuwa kan zama sanadin ciwon huhu da bugun zuciya ga tsofaffi da jarirai. Shi ya sa hukumomin lafiya na ƙasar ke ba da shawara kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18. Mafi yawan gidaje da iskar gas ake ɗumama su, wani babban kaso na lantarkin ƙasar ma da gas ɗin ake samar da shi. Saboda haka in gas ya yi tsada a kasuwar duniya, gidan kowa ya shiga uku.

Tsadar ta soma tun shekarar 2021, sa'ad da masana'antun duniya suka farfaɗo bayan annobar korona. A wannan shekara ƙananan kamfanonin sayar da wuta fiye da 20 suka durƙushe a Birtaniya. Sai kuma Rasha ta auka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, gas ɗin da ke kwarara zuwa Turai ya ragu, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Akwai wata hukuma mai suna Ofgem wadda ke sa ido a kan kamfanonin wuta da gas, ita ce kuma tun watan Janairun 2019 ke ƙayyade iyakar farashin da za su sayar wa gidaje. Bisa lissafinta, matsakaicin gida zai biya fam 1,277 a shekara daga Oktoban 2021. A watan Afrilun 2022 adadin ya haura zuwa fam 1,971. Ranar 26 ga Agusta kuma ta ba da sanarwar cewa daga Oktoba zai kai fam 3,549. Wato cikin shekara guda kuɗin ya kusa ninkawa sau uku. A watan Oktoban nan hauhawar farashin kaya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da ba a gani ba cikin shekaru 41.

ABIN DA AKA TANADA

Adalci ne a faɗa cewa gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A watan Mayun 2022 Ministan Kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya ba da sanarwar rangwamen fam 400 ga kowane gida mai mitar lantarki, kimanin gidaje miliyan 29, a biya kashi 6 daga Oktoba zuwa Maris: fam 66 a watanni biyun farko, fam 67 a sauran huɗun. Aka ƙara fam 650 ga masu karɓar tallafin ƙaramin ƙarfi, fam 150 ga naƙasassu, da fam 300 ga gidajen 'yan fansho a kan kuɗin ɗumama gida da aka saba ba su kowane hunturu tun 1997. Ranar 8 ga Satumba kuma sabuwar Firayim Minista, Liz Truss, ta shaida wa Majalisa cewa gwamnati za ta ɗauki wani kaso na farashin, yadda matsakaicin gida zai tsaya a fam 2,500.

Ban da waɗannan, akwai tsofaffin tanade-tanade. Akwai rangwamen da kamfanoni ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi tun 2011, wanda aka ɗaga daga fam 140 zuwa 150. Akwai fam 25 da ake biyan wasu mabukata a Ingila da Wales duk lokacin da aka yi kwana 7 a jere sanyi na kan ma'aunin daskarewar ruwa ko ƙasa da haka. Akwai kuma wani asusu da aka buɗe a Oktoban 2021 aka damƙa wa ƙananan hukumomi, kowace ta raba bisa nata tsari.

To, a nan matsalar farko take. Duk mai karatun da ya ji kansa ya ɗaure wajen bin wannan jeri, sai ya tuna da tsohuwa 'yar shekara 80 wadda take zaune ita kaɗai. Kowane tallafi da sunansa, da sharaɗinsa, da ofishinsa, da wa'adinsa. Wani yana zuwa da kansa, wani sai an nema. Daɗin daɗawa, manya su ma sun taimaka wajen rikita jama'a. Ranar da Liz Truss ta yi jawabinta, a ranar Sarauniya Elizabeth ta rasu, labarin ya nutse cikin zaman makoki. Da ta dawo kan batun a ƙarshen watan, sai ta riƙa faɗa a gidajen rediyo cewa babu gidan da zai biya fiye da fam 2,500, alhali farashin kowane awo na wuta aka ƙayyade, wanda ya sha da yawa zai biya da yawa. Kafin a gama gyara wannan kuskure, sabon Ministan Kuɗi, Jeremy Hunt, ya rage wa'adin shirin daga shekara 2 zuwa wata 6, daga baya aka sake tsawaita shi. Ita kanta Firayim Ministar ba ta kai ƙarshen Oktoba a kan mulki ba.

WA YA SAMU, WA YA RASA

Rangwamen fam 400 shi ne ma'auni mafi kyau, domin kuɗi ɗaya ne aka aika ta hanyoyi uku, kowace hanya kuma ta ba da nata sakamako.

Hanya ta farko ita ce ta waɗanda banki ke cire musu kuɗin wuta kai tsaye kowane wata, da masu sabuwar mita wadda kamfani ke iya zuba wa kuɗi daga ofis. Waɗannan ba su cika takarda ba, ba su taka ko'ina ba. Kuɗi ya shiga da kansa, har ga wanda bai taɓa jin labarin shirin ba.

Hanya ta biyu ita ce ta masu tsohuwar mita mai kati, wadda sai an je kanti an sayi wuta kafin a sha, kimanin gidaje miliyan 2. Galibinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, da yawa kuma bashi ne ya sa aka ɗaura musu mitar. Su aka aika wa takardun rangwame ta gidan waya ko ta saƙon wayar hannu ko ta intanet, aka ce su kai gidan waya ko kantin sayar da wuta a zuba musu, kowace takarda kuma ta lalace bayan kwana 90. Daga cikin waɗannan takardu ne aka samu ragowar fam miliyan 130 ɗin nan. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.2 ne wutarsu ta yanke a shekarar 2022 saboda ba su da abin zuba wa mita.

Hanya ta uku ita ce ta waɗanda ba su da mita da sunansu, kamar mazauna gidajen kula da tsofaffi, da masu kwana a jiragen ruwa, da mazauna gidajen tafi-da-gidanka. Gwamnati ta ƙiyasta sun kai gida 900,000. Su an ce sai sun nema da kansu, ta intanet ko ta tarho. Ba a buɗe ƙofar neman ba sai ƙarshen Fabrairun 2023, sanyi ya kusa wucewa, aka kuma rufe ta ranar 31 ga Mayu. Binciken da gidan rediyon BBC ya yi bayan haka ya nuna fiye da gida 700,000 ba su samu ko kwabo ba.

Lissafin a fili yake. Inda agaji ya tafi da ƙafarsa, ya isa. Inda aka ce a kai takarda kanti, ya zube a hanya. Inda aka ce a cika fom, mafi yawansa ya koma baitulmali. Abin takaicin kuma shi ne, gwargwadon raunin mutum, gwargwadon tsawon hanyar da aka shimfiɗa masa.

ME YA HANA SU ZUWA?

Mai ƙoshi kan yi saurin cewa sakaci ne. Amma in aka duba da idon basira, kowane dalili yana da tushe.

Na farko shi ne tsoro. Wanda kamfani ke bi bashi ba ya ɗokin buɗe ambulan mai tambarin kamfanin, domin ya saba abin da ke ciki barazana ce. Tsoron nan kuwa yana da hujja. A watan Fabrairun 2023 jaridar The Times ta tona yadda ma'aikatan karɓar bashi ke fasa ƙofofin gidaje da izinin kotu suna ɗaura mita mai kati, har a gidajen marasa lafiya da masu ƙananan yara, abin da ya sa aka dakatar da wannan aiki na wani lokaci. Hannun da ya fasa ƙofa jiya, shi aka ba saƙon alheri ya kai yau.

Na biyu shi ne 'yan damfara. Tun kafin a fara biya suka cika wayoyin mutane da saƙonnin ƙarya da sunan Ofgem ko gwamnati, suna neman lambar asusun banki. Hukuma ta yi ta gargaɗi kada a amsa irin waɗannan saƙonni. Da saƙon gaskiya ya iso, mai taka-tsantsan ya share shi tare da na ƙarya.

Na uku shi ne rashin hanyar ji. Ƙididdigar hukumar sadarwa ta ƙasar a 2021 ta nuna kimanin gida miliyan ɗaya da rabi ba su da intanet, yawancinsu na tsofaffi da matalauta. Ƙidayar jama'a ta wannan shekara kuma ta nuna kimanin mutum miliyan ɗaya a Ingila da Wales ba su iya Turanci sosai ba ko ba su iya sam. Ga kuma 'yan haya masu yawan ƙaura, waɗanda takardunsu ke zuwa tsohon gida da sunan wanda ya tashi tuni.

Na huɗu, wanda ya fi wuyar magani, shi ne kunya. Dattijon da ya yi shekara 40 yana aiki yana biyan haraji ba ya son a ce ya miƙa hannu. Akwai wani cikon fansho da ake kira Pension Credit, wanda ake ba tsofaffi masu ƙaramin samu, shi ne kuma mabuɗin wasu tallafin da yawa. Ma'aikatar da ke kula da shi ta ƙiyasta da kanta cewa a shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022 gidaje har 880,000 da suka cancanta ba su karɓa ba, kuɗin da aka bari kuwa ya kai fam biliyan 2 a shekarar. Takardar nemansa tana da tambayoyi fiye da 200.

ABIN DA UNGUWA TA IYA

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda aka samu nasara a wannan hunturu, akasari a matakin gari da unguwa aka same ta. Ƙananan hukumomi, irin ta garin Gateshead a arewa maso gabashin Ingila wadda ke cikin na farko, suka haɗa kai da ɗakunan karatu, da majami'u, da masallatai, da zaurukan taron jama'a, aka buɗe wuraren jin ɗumi kyauta. Mutum ya shigo ya zauna, ya sha shayi, ba mai tambayarsa dalili. Amfanin waɗannan wurare ya wuce ɗumin ɗaki. A nan ne ma'aikacin sa kai zai zauna kusa da dattijo, hira ta kai ga takardar da ke aljihunsa, a buɗe ta tare, a buga wa kamfani waya a sake aiko da wadda ta lalace. Abin da talla a talabijin ta kasa yi cikin wata 6, zama ɗaya ya yi shi.

A birnin Landan kuma, a shekarar 2023, ofishin Magajin Gari da wasu ƙananan hukumomi suka bi wata dabara. Suka duba rajistar da ke hannunsu ta masu karɓar tallafin haya, suka tsamo tsofaffin da alamu suka nuna sun cancanci cikon fansho amma ba sa karɓa, suka rubuta wa kowane wasiƙa da sunansa. Dubbai suka nema suka samu. Sanarwa ta gama-gari cewa take yi wataƙila wasu sun cancanta. Wasiƙa mai suna kuwa cewa take yi wane, kuɗinka ne, ga yadda za ka karɓa.

Gwamnatin tsakiya ma ta san wannan dabara. A shekarar 2022 ta sake tsarin rangwamen fam 150 a Ingila da Wales, yadda ma'aikatar tallafi za ta gwama rajistarta da ta kamfanonin wuta, a cire wa mafi yawan masu haƙƙi kuɗin ba tare da sun nema ba. Ashe ana iyawa in an so.

MASU JA DA WANNAN RA'AYI

Akwai masu cewa agajin da ke zuwa da kansa ɓarna ce, domin yana faɗawa hannun wanda ba ya bukata. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Attajiri ya karɓi fam 400 kamar yadda leburan ya karɓa, mai gida biyu ma ya karɓa sau biyu. Amma gwajin da aka yi na ɗaya hanyar ya nuna illarta. A watan Yulin 2024 Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita kuɗin ɗumama gida na tsofaffi ga masu karɓar cikon fansho da makamantansa, wajen mutum miliyan 10 suka fita. Nan take aka ga ramin da ke cikin shirin: dubban ɗaruruwan da suka cancanci cikon amma ba su taɓa nema ba, su ne mafi talauci, su ne kuma za su yi asara biyu. Gwamnati ta shiga gangamin neman su a gurguje, ofisoshi suka cika da takardu. A watan Yunin 2025 aka janye, aka mayar da biyan ga kowa, sai dai a karɓe ta hanyar haraji daga wanda samunsa ya wuce fam 35,000 a shekara. Wato aka gane ya fi sauƙi a karɓo daga mai hali, wanda hukumar haraji ta san ƙofar gidansa, da a ce mara hali ya zo ya tabbatar da talaucinsa.

Akwai kuma masu fargabar cewa gwama rajista tsakanin ma'aikatu tona asirin jama'a ne. Wannan ma abin dubawa ne, ya kuma wajaba doka ta iyakance abin da za a duba da wanda zai duba. Sai dai hukuma ba ta taɓa kasa gano mutum ba in ita ke binsa bashi. Ba daidai ba ne rajistar da ke aiki ranar karɓa ta zama haramtacciya ranar bayarwa.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

Farashi ya sauko daga ƙololuwarsa, iyakar da Ofgem ta sa ta koma fam 2,074 a watan Yulin 2023, rangwamen fam 400 kuma ya ƙare. Amma hunturu na dawowa kowace shekara, darasin kuma ya shafi duk inda hukuma ke raba agaji.

Da fari, duk agajin da za a iya aikawa ba tare da nema ba, a aika shi haka. Na biyu, inda nema ya zama dole, a sa kuɗin shela da na ma'aikatan bi-gida-gida cikin kasafin tun farko, a kuma fara kafin sanyi ya kankama, kada a bari sai ya wuce. Na uku, a ba da saƙon ga bakin da jama'a suka amince da shi, malamin asibiti, da limami, da fada, da mai kantin unguwa, cikin harshen da mutum ke ji. Na huɗu, a daina auna nasara da yawan kuɗin da aka ware. A riƙa bayyana adadin waɗanda suka cancanta da adadin waɗanda suka karɓa, gari-gari, yadda kowane kansila zai san gida nawa suka rage a mazaɓarsa. Kuɗin agaji da ya koma baitulmali kada a lissafa shi cikin tsimi, domin bashi ne da ba a biya ba.

A zamanin da, in sarki ya yi umarni, sankira ba ya tsayawa a ƙofar fada. Yakan bi kasuwa da lunguna yana maimaitawa har sai na cikin kulle ma sun ji. Ƙasar da ke da gidan waya a kowane gari da tarho a kowane aljihu ta bar fam miliyan 130 a ƙasa har sanyi ya wuce, domin ta ɗauka aika takarda daidai yake da isar da saƙo. Aikin mai rabo bai ƙare ba sai kason ya shiga hannun mai shi.